Damƙin Gero da Jan Zare

A Birnin Gawasa, tun kaka da kakanni, da gero ake naɗa sarki. In sarki ya kau aka share makoki, sai a jera manyan ƙore a ƙofar fada, kowane ɗan sarki mai neman gadon da ƙwaryarsa. Duk mai gida a birnin, attajiri ne ko mai saƙar tabarma, har gwauruwar da ke riƙe da gidan mijinta, zai ɗebo damƙi ɗaya daga rumbunsa ya zuba wa wanda ransa ya kwanta da shi. Wanda ƙwaryarsa ta fi cika shi ke hawa. Dalilin magabata gajere ne: wanda zai ciyar da sarki, shi ya kamata ya zaɓe shi.

Da Sarki Barmo ya rasu ya bar 'ya'ya biyu masu neman gado. Ciroma Tunau mai sanyin hali ne, manoma da 'yan kasuwa suna son sa. Yarima Dogara kuwa a kan sirdi ya girma, mayaƙa ke yi da shi. Ko makaho ya san in aka zuba gero ƙwaryar Ciroma ce za ta tumbatsa. Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne Galadima Nomau, ubangidan Ciroma, wanda ya daɗe yana shirin wannan rana.

Galadima a Gawasa ba ya fita yaƙi. Sarautarsa ke nan, in sarki ya fita shi ke riƙe gari. Nomau ya tsufa a kan wannan aiki, kuma zaman jiran gari ya koya masa hali guda: bai yarda da kowa ba. Mutum ne da in ka miƙa masa ruwa sai ya leƙa gindin ƙwarya kafin ya sha, in ka gaishe shi da fara'a ya wuni yana tunanin abin da kake nema. A gaskiya wannan hali ya sha tsirar da birnin, ba za a hana shi nasa ba. Sai dai mai zargi ba ya hutawa, kuma ba ya barin na kusa da shi su huta.

Ana saura kaɗan a jera ƙore, aka wayi gari tururuwa ta yi layi daga rumbun fada tana jidar gero zuwa wajen ganuwa. Masu duba suka taru a kanta, kowa da fassararsa. Galadima ya tsaya ya kalli layin, ya wuce. Da hantsi aka buga tambarin majalisa.

Gadon sarauta babu kowa a kai, don haka Magajiya Tasalla, yayar marigayi, ita ta zauna a gefensa tana riƙe da zaman. Ba a gama gaisuwa ba wani manzo ya faɗo zaure ya zube.

"Ranki ya daɗe, Sarkin Dutsen Baure ya taso! Rundunarsa ta yi sansani a mashigin gabas. Ya ji gadonmu babu kowa, ya ce zai zo ya ɗana."

Zauren ya kaure da salati. Galadima kuwa ƙafafun manzon yake kallo. Ƙurar da ke jikinsu ba ta yi masa kama da ta doguwar tafiya ba, ko kuwa shi ne ya so ya ga hakan. Ya ɗaga ido ya dubi Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, ya ga ko gezau bai yi ba. Ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza.

Madawaki ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, iyayen ƙasa, zan faɗi magana mai nauyi, ku yi mini haƙuri. Sarki shi ke cewa a fita, mu ke fita. Shi ke cewa a tsaya, mu ke tsayawa har a tattake mu. 'Ya'yana biyu suna kwance a bakin gulbi, ban ga gawarsu ba. A ranar da suka faɗi, mai sayar da daddawa yana rumfarsa yana ciniki. Yau kuma a ce damƙinsa da nawa ɗaya ne? Wanda za a aika ya mutu, shi ya fi cancanta ya zaɓi mai aikensa. Ga yaƙi ya zo ƙofa. Ina roƙon majalisa ta yanke cewa bana ba mai zuba gero sai wanda aka ɗaura wa jan zare a wannan yaƙin."

Jan zaren nan tsohuwar al'ada ce. In an dawo daga fama, Magajiya ke tsayawa ta ɗaura shi a wuyan hannun duk wanda ya yi arba da abokin gaba. Ado ne da yabo kawai, ba wanda ya taɓa haɗa shi da gero sai ranar.

Galadima ya bari zauren ya lafa, sannan ya kira Madawaki da kirarin sarautarsa ya ce, "Goje, Allah ya jiƙan 'ya'yanka, mun yi kukansu tare. Amma ina tambaya. Dokin da ka hau, me ya ci kafin ya yi sukuwa? Mashin da ke hannunka, wa ya ƙera? Sulken da ya tare maka kibiya, wa ya ɗinka? Mai noma bai ga gulbi ba, amma in ya ajiye fartanya shekara guda, rundunarka ba za ta kai ƙofar gari ba. Magabata da suka ce gero, sun san akwai kibiya a duniya. Sannan me ya sa sai zaren wannan yaƙin? Tsofaffin da suka bar yatsunsu a fagen fama tun kana goye fa?"

"Zaren jiya ya tsinke, Daudu," in ji Madawaki, shi ma ya kira Galadima da nasa kirarin. "Abokin gaban yau ne a gabanmu."

"Abokin gaban da ya san ranar da zai zo," Galadima ya ce, yana duban manzon.

Madawaki ya dafa takobinsa. "Fito fili ka faɗa."

"Ban ce komai ba. Na dai ga biri ya yi kama da mutum."

Liman ya shiga tsakani da nasiha, aka ci gaba da muhawara har rana ta take tsaka. Amma tsoro ya riga ya zauna a zauren, kuma mai jin tsoro bayan mai takobi yake laɓewa. Sarakunan da jiya suka rantse wa Galadima suka riƙa sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Aka yanke yadda Madawaki ya so.

Baƙin ciki ya cika Galadima, amma nan take wata dabara ta faɗo masa. Ya ce, "To, majalisa ta yanke, na bi. Sai dai abin da aka karɓe na talakawa ne, ya kamata su ji da kunnensu. Gobe kasuwa ke ci. Sankira ya hau tudun mahauta ya yi shela, kowa ya ji."

Madawaki ya girgiza kai. "A'a. A kira masu unguwanni a faɗa musu, su bi gida gida. Maganar yaƙi ba ta kasuwa ba ce."

Wannan ƙin ya ƙara tabbatar wa Galadima zarginsa. In ba mara gaskiya ba, wa ke tsoron a ji? Shi lissafinsa, in jama'a suka ji an raba su da damƙinsu a tsakiyar kasuwa, za su yi ca a ƙofar fada har majalisa ta lashe amanta.

Magajiya ta dube shi ta ce, "Galadima, kasuwa fa ba ta da ƙyaure. Na gida na ciki, baƙo na ciki."

"Ranki ya daɗe, abin da aka yi da gaskiya ba ya tsoron rana. Ni ke riƙe da gari, shela hurumina ce."

Ba wanda ya iya musa wannan, don haka aka bar masa.

Washegari sankira ya hau tudu ya kwarara murya, ya faɗi komai dalla dalla: ba mai zuba gero sai mai jan zare, ba mai jan zare sai wanda ya bi Madawaki mashigin gabas ya yi arba da maƙiyi. Galadima ya zauna a zaurensa yana jiran ya ji ihun jama'a. Ihun ya zo, amma ba irin wanda ya shirya wa ba. Mutanen Gawasa ba su nufi fada ba, gidajensu suka nufa suna zaro tsofaffin bakuna daga rufin ɗaki. Wanda ba shi da kwari ya ara, wanda bai samu aro ba ya ɗauki gatari. Ba wanda ya yarda a naɗa sarki yana tsaye yana kallo kamar baƙo, a unguwa kuma a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ba shi da damƙi.

Da la'asar Sarkin Ƙofa Bagudu ya shigo wurin Galadima, ransa a ɓace.

"Ranka ya daɗe, na je na tambayi Madawaki ko tsaron ƙofa yana cikin abin da ake ɗaura wa zare. Ya ce doka ta ce arba da maƙiyi, shi ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Yarana sun ji. Sun ce ba za su zauna gadin ƙyaure a mai da su mata ba. Wallahi sun ajiye mini sanduna sun tafi."

"Duka?"

"Sai ni da guragu biyu. Ni ma matata Ladingo cewa ta yi in tafi, kada gidanmu ya rasa damƙi. Na ce mata ubana a ƙofar nan ya mutu, ba zan bar ta a buɗe ba."

Galadima ya aika wa Madawaki cewa a bar masa mutanen ganuwa. Amsa ta dawo cewa an kore su sun ƙi koruwa, wanda aka mayar ta wannan ƙofa sai ya ɓullo ta waccan. Galadima ya ji wannan ya yi murmushin takaici. A ganinsa komai ya fito: an kwashe gari da gangan.

Runduna ta fita ta ƙofar gabas, irin wadda Gawasa ba ta taɓa fitarwa ba don yawa. Birnin ya yi tsit, sai kukan awaki da na jarirai.

Ba a daɗe ba, wata safiya mata masu ɗiban ruwa suka shigo da gudu ba tuluna. Maƙiyi ne, kuma ta yamma suka ɓullo, inda ba wanda ya sa ido.

Nan fa Galadima ya nuna ba a banza ya tsufa a kan gari ba. Ya sa aka buga tambari, ya hau ganuwa da kansa. Wa ya rage? Maƙera, waɗanda al'ada ta hana su barin wuta lokacin yaƙi. Tsofaffin da gwiwa ta hana su bin runduna. Marina, mahauta kaɗan, kutare na bakin kasuwa, da mata. Magajiya ta fito da zane ɗaure a ƙugu ta sa aka ɗora kowace tukunya da ke birnin. Da mutanen Dutsen Baure suka jingina tsani, kunu mai tafasa ya sauka a kansu. Maƙera suka riƙa jefa garwashi da ƙarfen da ya yi ja, aka zuba barkono a wuta iska ta kai musu hayaƙin. Tsofaffi suka zauna a bakin tagogin ganuwa suna harbi a natse, don hannu bai manta ba ko da ƙafa ta gaza.

A ƙofar yamma abin ya fi muni. Maƙiyi suka sa gungume suka fasa ɓarin ƙyaure. Bagudu ya tsaya a tsagar da mashinsa, shi kaɗai, ya tare ta har maƙera suka turo amalanken duwatsu suka toshe. Da aka janyo shi ya riga ya cika. Ladingo tana kan ganuwa a saman kansa da tukunya a hannu, ta ga komai.

Kafin rana ta yi sanyi maƙiyi suka karaya. Sun zo ɗaukar garin da ba kowa, sun tarar da wuta. Suka juya suka bar gawarwakinsu da Bardensu, wanda tsani ya karye da shi aka kama shi da rai. Magajiya ta tsaya a ƙofar yamma ta ɗaura jan zare a hannun duk wanda ya hau ganuwa, mace da namiji, har da Galadima, wanda bai taɓa ɗaura shi ba tun da aka haife shi.

Rundunar Madawaki ta dawo a gajiye, ba ta ga kowa ba. Bukkoki ta tarar a mashigin gabas da toka mai sanyi. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba, don haka ko zare ɗaya ba a ɗaura ba. Dokar da Madawaki ya kawo ta fitar da shi da dukan mutanensa daga layin gero.

A majalisa Madawaki ya cire hularsa ta yaƙi ya ajiye. "Na yi kuskure, iyayen ƙasa. A mai da al'ada yadda take, kowane mai gida da damƙinsa."

Kafin Galadima ya buɗe baki, hayaniya ta taso daga ƙofar fada. Masu jan zare ne suka ji abin da ake shirin yi. Sarkin Maƙera ya shigo a madadinsu ya ce, "Ranki ya daɗe, mu muka ga maƙiyi, mu muka binne 'yan'uwanmu. Waɗanda suka bar mu suka tafi yawon gulbi, yau su zo su haɗa damƙi da mu? Ba mu muka kawo dokar ba, amma mun biya ta da jini. Ta zauna."

Galadima ya ji maganar Madawaki ce ta ranar farko take fitowa daga bakin mutanensa, kuma ya san ba daidai ba ce yau kamar yadda ba daidai ba ce ran nan. Amma masu zaren nan duk na Ciroma ne. Ya yi shiru, doka ta zauna.

Da aka watse Magajiya ta kira shi gefe. "Nomau, ka samu abin da kake so. Gari ya tsira, ƙwaryar Ciroma za ta cika. Ka tsaya nan."

"Ranki ya daɗe, wani ya faɗa wa Dutsen Baure ganuwarmu ba kowa. Maciji yana cikin ɗaki, ki ce in shimfiɗa tabarma?"

"Ka tambayi Barden nasu a keɓe tukuna."

"In na tambaye shi a keɓe, za a ce ni na sa masa magana a baki. A gaban kowa zai faɗa."

Ranar zuba gero aka jera ƙore biyu a ƙofar fada. Masu zare suka yi layi, kowa da damƙinsa, Ladingo a gaba saboda darajar mijinta. Marasa zare suka tsaya daga nesa, Madawaki a cikinsu. Galadima ya fito da nasa geron a dunƙule a hannu, ya ɗaga ɗaya hannun aka yi shiru.

"Jama'ar Gawasa, kafin a zuba, akwai hukuncin magabata da zan tuna muku. Duk wanda bakinsa ya kai wa maƙiyi sirrin birni, da gangan ko da ganganci, a tsinke zarensa, a tuɓe rawaninsa, gidansa ba ya ƙara zuba gero. Liman, haka ne?"

"Haka yake," in ji Liman.

Aka kawo Barden Dutsen Baure a ɗaure, yana ɗingishi. Galadima ya ce, "Kai baƙo, ka faɗi gaskiya ka tsira da ranka. Wa ya aiko muku cewa ganuwarmu ba kowa? Dubi jama'ar nan, ka nuna shi." Yana faɗa idonsa na kan Madawaki.

Barden ya dubi taron, ya dubi Galadima, kamar bai gane tambayar ba.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya aiko mana. Mu da gaske ta gabas muka yi niyyar zuwa, mun ma yi sansani. Sai fatakenmu masu kawo kanwa suka dawo daga kasuwarku, suka ce sun ji sankira a kan tudu yana shela cewa duk wanda bai tafi gabas ba ba shi da rabo a sarauta. Suka ce sun ga masu tsaron ƙofa da idonsu suna neman aron baka. Sarkinmu bai yarda ba da farko, ya ce ba mai hankalin da zai faɗi wannan a kasuwa. Da mutum na uku ya faɗa, sai muka bar bukkoki muka zagayo."

Madawaki bai yi dariya ba, bai ɗaga murya ba. Daga inda yake tsaye ya ce, "Ni na ce a bi gida gida. Majalisa tana nan, ta tuna wanda ya ce kasuwa."

Idanu duk suka koma kan Galadima. Ya bi fuskokin mutane yana neman wanda ya shirya masa wannan, Barden ko Madawaki ko manzon nan mai ƙura a ƙafa, bai samu kowa ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, don ya san gaskiya aka faɗa.

Magajiya ta taso a hankali da 'yar wuƙa a hannu. Idonta ya cika da hawaye. Ta ce ƙasa ƙasa, "Na ce maka ka tsaya, Nomau." Ta kama wuyan hannunsa ta tsinke zaren, dogarai suka warware rawanin.

Aka ce a fara. Ladingo ta tako har gaban ƙwaryar Ciroma, wadda don ita ta ɗebo geronta da safe. Ta tsaya, ta juya ta dubi tsohon da ke tsaye ba rawani.

"Ashe kai ka buɗe ƙofar da Bagudu ya toshe da ƙirjinsa," ta ce. "Ɗan ɗakinka ba zai ci geron gidansa ba."

Ta wuce ta zuba a ƙwaryar Yarima Dogara. Sarkin Maƙera ya biyo ta ya yi yadda ta yi, na bayansa ma haka. Nomau yana tsaye a gefen layi yana jin saukar gero a ƙwaryar da ya ƙare ƙarfinsa don ta zauna wayam. Bai san lokacin da yatsunsa suka saki ba. Nasa damƙin ya zube a ƙasa, kajin fada suka taho suna tsattsaga a gindin ƙafarsa.